Mai Fara Kururuwar Annoba Shi Ake Fara Rufe wa Ƙofa

Ranar 25 ga Nuwamban 2021 masana kimiyya na Afirka ta Kudu suka fito gaban 'yan jarida suka ce sun gano wani sabon nau'in korona da ya sha bamban da waɗanda aka sani. Takwarorinsu na Botswana ma sun ci karo da shi a ɗakin gwaje-gwajensu na Gaborone. Abin da dokar lafiya ta duniya ta nema shi suka yi, kuma ba su ɓata lokaci ba. Sun sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun kuma zuba bayanan ƙwayar cutar a rumbun intanet da kowane mai bincike zai iya shiga ya ɗauka. Tukuicin bai kwana ba. A daren ranar Birtaniya ta dakatar da jiragen da ke tasowa daga ƙasashe shida na kudancin Afirka. Washegari WHO ta raɗa wa nau'in suna Omicron, Tarayyar Turai da Amurka kuma suka bi sahun Birtaniya. A makon farko na Disamba Birtaniya ta jefa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Wanda ba ɗan ƙasa ko mazaunin Birtaniya ba ne babu shiga, mazauni kuwa sai ya biya fam 2,285 ya zauna kwana goma a otal a killace.

Ana cikin haka sai hukumar lafiya ta Holan ta koma kan samfuran da ta ajiye, ta tarar Omicron yana cikin waɗanda aka ɗauka tun ranakun 19 da 23 ga Nuwamba. Wato yana Turai kafin Afirka ta Kudu ta buɗe baki. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta soke jerin gaba ɗaya, ministan lafiyarta na lokacin, Sajid Javid, ya amsa cewa cutar ta riga ta bazu a cikin gida, tsare ƙofa ya daina wani amfani. Amma aikin gama ya gama. Afirka ta Kudu ta yi asarar kakar baƙi ta Disamba, lokacin da otal-otal da gidajen abinci ke samun na shekara. Farfesa Tulio de Oliveira, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano nau'in, ya koka cewa hatta sinadaran da suke gwaji da su sun daina isowa, don babu jirgin da zai kawo.

Duk wani ministan lafiya na ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ya kalli wannan, ya kuma ɗauki darasi, ko da bai faɗa ba. Gobe idan likitocinsa suka shigo ofis da takarda suka ce, ranka ya daɗe, ga wata baƙuwar cuta ta ɓulla a gari kaza, gaba kura ce baya sayaki. In ya yi shiru cutar ta bazu. In ya sanar, ministan kuɗi da na sufuri da na kasuwanci su yi masa caa a majalisar zartarwa. A nan matsalar haɗa kan gwamnatoci wajen yaƙi da annoba take. Ba rashin hukumomi ba ne, hukumomi sun yi yawa ma. Duk tsarin ya tsayu ne a kan wani ciniki: ka faɗi gaskiya da wuri, ka ba da samfurin cutar, mu kuma ba za mu hukunta ka ba, kuma idan an samu magani za a ba ka rabonka. Ɓangare na farko ƙasashe matalauta suna cika shi fiye da yadda ake zato. Na biyun ne ake yawan saɓawa.

Rigimar tsohuwa ce. A 1851 ƙasashe goma sha biyu suka zauna a Paris kan kwalara, taro na farko irinsa. Masu gaɓar tekun Bahar Rum suna son a riƙa tsare jiragen ruwa a killace. Birtaniya, wadda arzikinta ke kan hanyar Indiya, ba ta so. Aka yi wata da watanni aka tashi baram-baram, sai a 1892 aka samu yarjejeniyar farko da ta yi aiki. A tsakanin nan kwalara ta faɗa wa alhazai a Makka a 1865, ta kashe dubbai, ta bi masu komawa gida zuwa Masar, daga nan ta haye Turai. Daga baya aka kafa sansanin killace alhazai a tsibirin Kamaran da ke Bahar Maliya. Katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa da kowane maniyyaci ke cusawa cikin fasfo, da allurar sanƙarau da ake yi masa kafin ya hau jirgi, jikokin waɗancan tarurruka ne. Tun ranar farko dai abu biyu ake ƙoƙarin karewa a lokaci guda, rai da ciniki, kuma mai ƙarfi ne ke zaɓar wanda za a fifita a kowane lokaci.

An kafa WHO a 1948. Dokokin da take aiki da su har farkon wannan ƙarni sun wajabta sanar da cututtuka uku ne kacal: kwalara, shawara, da annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa. Shi ya sa da cutar SARS ta ɓulla a lardin Guangdong na Sin a Nuwamban 2002, hukumomin ƙasar suka yi gum har Fabrairun 2003, kuma a takarda ba su karya doka ba, tunda cutar ba ta cikin jerin. Ta kama mutum wajen 8,000, ta kashe kusan 800. Shugabar WHO ta lokacin, Gro Harlem Brundtland, tsohuwar firaministar Norway, ba ta jira izinin kowa ba. Ta soki Sin a fili, ta kuma shawarci matafiya su guji wasu birane har da Toronto, abin da ya fusata Kanada matuƙa.

Daga wannan aka sake rubuta Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a Yunin 2007, kuma ƙasashe 196 ne suka ɗaure kansu da su. Yadda abin yake a takarda yana da kyau. An daina lissafa cututtuka da suna, duk wani abu da ka iya tsallake iyaka ya shiga. Ƙasa tana da awa 48 ta auna girman abin da ya ɓulla, sannan awa 24 ta sanar da WHO. Kowace ƙasa za ta ware ofishin da za a iya samu a waya dare da rana. A Najeriya hukumar NCDC ce ke riƙe da wannan aiki. An ba WHO damar sauraron labarin da bai fito daga bakin gwamnati ba, ta tambayi gwamnatin ko gaskiya ne. Sai dai gwamnatocin da suka ba ta wannan dama su ne kuma suka ɗaure mata hannu: shugaban hukumar ba zai ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya ba sai ya kira kwamitin ƙwararru ya ji ta bakinsu, ya kuma ji ta bakin ƙasar da abin ya shafa. Ba wanda ke son a sake yi masa irin ta Toronto.

Akwai kuma sashe na 43, wanda ya ce ƙasar da ta ɗauki matakin da ya wuce shawarar WHO, kamar rufe iyaka ko hana jirage, dole ta kawo hujjar kimiyya cikin awa 48. To idan ba ta kawo ba fa? Babu komai. WHO ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, ba ta cin tara. Ba za ta iya tura ma'aikaci ko ɗaya cikin wata ƙasa ba sai gwamnatin ƙasar ta ba shi biza. Kuɗin da take aiki da su ma daga aljihun waɗanda ya kamata ta tsawata wa suke fitowa. Na tsawon shekaru kuɗin wajibi da ƙasashe ke biya bai kai kashi 20 cikin ɗari na kasafinta ba, sauran kyauta ce, mai kyauta kuma shi ke faɗin inda za a kashe. Wannan ne ya sa take taka-tsantsan har ya zama laifi. Ebola ta fara a wani ƙauye na kudancin Gini a Disamban 2013, aka tabbatar da ita a Maris na 2014, amma ba a ayyana dokar ta-ɓaci ba sai 8 ga Agusta, lokacin da mamata sun doshi dubu. Takardun cikin gida da suka fito daga baya sun nuna har da tsoron ɓata wa gwamnatocin yankin rai da taɓa tattalin arzikinsu cikin dalilan jinkirin. Annobar ta ƙare da mutum sama da 11,300 a kabari a Gini da Laberiya da Saliyo.

Ɓangaren labari ke nan. Ɓangaren samfuri ya fi zafi, domin nan kuɗi yake.

Tun 1952 WHO take da wani tsari na sa ido kan mura. Ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe suna aika ƙwayoyin cutar da suka samu zuwa wasu manyan cibiyoyi, a can a tantance, a miƙa wa kamfanonin magani su haɗa allura. Kyauta ake aikawa, kyauta kamfanoni ke karɓa, allurar kuwa sayarwa ake yi. An yi shekara hamsin ba wanda ya ce uffan. Sai murar tsuntsaye ta H5N1 ta addabi Indonesiya, inda ta fi kashe mutane fiye da ko'ina. Ministar lafiyar ƙasar, Siti Fadilah Supari, ta gano cewa wani kamfanin Ostireliya ya haɗa allura da ƙwayar da aka ɗauko daga Indonesiya ba tare da an tambaye su ba, kuma in annoba ta ɓarke sai sun shiga layi da kuɗinsu kamar kowa, a bayan masu kuɗi. A farkon 2007 ta ce an daina aika samfuri. Aka yi mata ca, aka ce tana wasa da rayukan duniya. Akwai gaskiya cikin zargin, don in da cutar ta sauya kama a wannan lokaci da an makara. Amma ita ma tambayarta ba a taɓa amsa ta ba: jinin 'yan ƙasarta ne, me za su samu?

Shekara huɗu aka yi ana ja-in-ja kafin a 2011 a cimma matsaya. Kamfanonin da ke amfana da tsarin za su riƙa zuba dala miliyan 28 a shekara, kuma su sa hannu cewa in annobar mura ta zo za su ware wa WHO wani kaso, kimanin ɗaya cikin goma na abin da suke sarrafawa. A ganina wannan shi ne karo na farko da aka rubuta ɓangare na biyu na cinikin a takarda, kuma ba a rubuta shi don tausayi ba, sai don wata ƙasa ta riƙe abin da ake buƙata ta ƙi saki. Illarsa ɗaya ce, mura kaɗai ya shafa.

Korona ba mura ba ce, saboda haka da ta zo babu wani alƙawari da ya hau kan kowa. Ta kuma zo da sabon abu. Ranar 11 ga Janairun 2020 Farfesa Zhang Yongzhen na Shanghai ya saki bayanan ƙwayoyin halittar cutar a intanet. Washegari aka rufe masa ɗakin gwaje-gwaje, kamar yadda 'yan sanda a Wuhan suka kira likita Li Wenliang suka ja masa kunne don ya gargaɗi abokan aikinsa. Hukunta mai faɗin gaskiya daga cikin gida yake farawa. Kwana biyu da fitar bayanan kamfanin Moderna na Amurka ya gama zana allurarsa a kwamfuta, bai taɓa riƙe ƙwayar cutar a kwalba ba. Ma'ana makamin da Indonesiya ta yi amfani da shi ya rage kaifi. Ba sai an aiko kwalba cikin ƙanƙara ba, rubutu ne da ake turawa cikin daƙiƙa. Afirka ma ta zuba nata. Cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ce ta fara fitar da bayanan cutar daga nahiyar, 'yan kwanaki bayan an samu mutum na farko a Legas.

Da allura ta fito sai aka ga wane ne wane. An kafa shirin COVAX don ya saya a dunƙule ya raba daidai, amma kafin ya tara kuɗi ƙasashe masu arziki sun riga sun kama kayan tun suna masana'anta. Kanada ta yi odar abin da zai ishi jama'arta ninki da yawa. Gana ce ta fara karɓar kason COVAX ranar 24 ga Fabrairun 2021, allura 600,000, Najeriya ta karɓi kusan miliyan huɗu ranar 2 ga Maris. Daga nan famfo ya ƙafe. Shirin ya dogara ne kacokan kan kamfanin Serum na Indiya, sai nau'in korona na Delta ya turnuƙe Indiya, gwamnatinta ta hana fitar da allura. Shekarar ta ƙare kusan mutum ɗaya ne cikin goma a Afirka ya samu cikakken rigakafi, alhali a Turai ana zagaye na uku. Da gudummawar ta zo kuma, wata ta zo tana dab da lalacewa. A Disamban 2021 an ga motar tura ƙasa tana murƙushe kwalayen allura sama da miliyan ɗaya a bolar Gosa da ke Abuja. Ga wanda ke shakkar allurar tun farko, wannan hoto kaɗai ya ishe shi hujja.

Abin ya zama kamar adashe ne da kowa ke zubi, talaka da mai hali, amma ranar kwasa manya su shigo su kwashe, uwar adashe tana kallo ba ta da ta cewa.

Ƙyandar biri ta maimaita labarin a taƙaice. Ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, likitan da ya kula da masu cutar, Dimie Ogoina, ya yi ta jan hankali cewa yadda take yaɗuwa ya canza. Ba a saurare shi ba sai da ta bayyana a Landan da Madrid a Mayun 2022. Nan da nan aka fito da allura, aka kashe wutar a Turai da Amurka, aka bar ta tana ci a Kwango. Da aka sake ayyana dokar ta-ɓaci a Agustan 2024, Ogoina ɗin ne ya shugabanci kwamitin, allurar farko kuma ba ta isa Kinshasa ba sai Satumba.

Kar a ɗauka duk laifin na waje ne. Ƙasa ba za ta sanar da abin da ba ta gani ba, kuma duk yarjejeniyar da aka ƙulla a Jeniba, hedikwatar WHO, a ƙarshe kan wata ma'aikaciyar jinya take sauka, mai riƙe da ma'aunin zafin jiki a wani asibiti. Najeriya ta ga fuska biyu na wannan.

Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga Laberiya, jiki ya riga ya yi tsanani. Likitocin gwamnati suna yajin aiki, sai aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar masu son ya wuce taro a Kalaba. Shi ya rasu ranar 25 ga wata, ita kuma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Kowa ya tuna daren nan da aka yi ta buga waya daga gari zuwa gari ana tada mutane cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri. Haka tsoro ya kai. Amma a bayan fage an yi abin da ya dace. Gwamnatin tarayya da ta Legas, waɗanda jam'iyyunsu ba sa ga maciji, suka zauna a ɗaki ɗaya da WHO da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ƙungiyar likitoci ta MSF, ƙarƙashin shugaba ɗaya, Dakta Faisal Shuaib. Ba kowa da nasa ofishi da nasa rahoto ba. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, gida-gida, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Cutar ta tsallaka Fatakwal, aka bi ta can. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce ta ƙare.

Daga ina aka samo mutanen da tsarin cikin 'yan kwanaki? Daga yaƙin shan inna. Cibiyar ɗaukin gaggawa ta foliyo da aka kafa a 2012 ita aka kwaikwaya, ma'aikatanta aka ɗebo. Ita kuwa wannan cibiya ta samo asali ne daga wani rauni da muka sani sarai. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, amma bai faɗo daga sama ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Asibitin Zana na Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, in aka zo ƙofar gidansa da magani kyauta alhali a asibiti ko farasitamol sai ya saya, dole ya yi tambaya.

WHO da Abuja take da yarjejeniya, ba da Kano ba, Abuja kuma ba ta da ikon tilasta wa gwamna. Kusan shekara guda aka yi. Cutar ta bi hanyoyin fatauci da na ziyara ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Abin da ya warware rikicin ba umarni ba ne. An tura tawagogi sun duba masana'antu, an shigo da malamai da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, aka kuma yarda a kawo allurar daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A ƙarshen Yulin 2004 aka ci gaba, daga baya gwamna Ibrahim Shekarau ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka karɓi aikin daga 2009. Sai 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Shekara nawa aka ƙara saboda rashin yarda na wata goma sha ɗaya?

Duk waɗannan ne suka kai ga Yarjejeniyar Annoba da babban taron WHO ya amince da ita ranar 20 ga Mayun 2025, bayan fiye da shekara uku ana tattaunawa. A ƙuri'ar kwamiti ƙasashe 124 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 11 suka ƙaurace. Zuciyarta ita ce faɗaɗa dabarar 2011 zuwa duk wata cuta mai iya zama annoba. Ƙasashe su ba da samfuri da bayanai da gaggawa, kamfanonin da suka shiga tsarin kuma su ware wa WHO kashi 20 cikin ɗari na allura da magunguna da kayan gwaji a daidai lokacin da suke sarrafa su, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Muhimmin abu a nan shi ne lokacin. Allurar da ta zo bayan shekara guda ihu ne bayan hari.

Masu yaɗa cewa yarjejeniyar ta ba WHO ikon kulle ƙasashe ko yi wa mutane allura dole ba su karanta ta ba. Akwai sashen da ya faɗa ƙarara cewa hukumar ba ta da wannan iko. In ma akwai abin kuka, rauninta ne. Batun koyar da ƙasashe masu tasowa fasahar haɗa allura an bar shi a kan sai in ɓangarorin biyu sun yarda, wato sai in kamfani ya ga dama. Ainihin yadda za a gudanar da kashi 20 ɗin, wa zai sa hannu, me zai faru da kamfanin da ya ɗauki bayanai a intanet ya ce shi bai shiga tsarin ba, duk an tura su cikin wani rataye, wato ƙarin takarda da za a haɗa da yarjejeniyar, da aka ce za a tattauna daban. An kuma sharɗanta cewa ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an gama ratayen, ba kuma za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a hukumance.

Sannan ga kujerar da babu kowa a kai. Ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu kan ficewar Amurka daga WHO. Ajantina ma ta ce za ta bi. A lokacin Amurka ce ta fi kowace ƙasa ba hukumar kuɗi, kuma manyan kamfanonin allura da dama nata ne. WHO ta rage kasafin 2026 zuwa 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa 4.2, a shekarar da aka rushe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, wadda a da kuɗinta ke riƙe da ɗakunan gwaje-gwaje da masu sa ido kan cututtuka a ƙasashe da yawa. A maimakon haka Amurka ta koma ƙulla yarjejeniyar lafiya da ƙasashen Afirka ɗaya bayan ɗaya, ta fara da Kenya a Disamban 2025, kuma musayar bayanan cututtuka na cikin abin da take nema. Ana iya fahimtar ministan da ya sa hannu, yana da masu cutar ƙanjamau da ke jiran magani a wannan wata. Amma ƙarfin da ƙasashen Afirka ke da shi a teburin Jeniba ɗaya ne tak, shi ne su yi ciniki a dunƙule kan abin da ke hannunsu. In kowa ya sayar da nasa ta bayan gida, babu sauran abin da za a yi ciniki da shi.

Shi ya sa wasu ke cewa a daina jiran rabo, a gina masana'anta. Afirka tana sarrafa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na allurar da take amfani da ita, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2040. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Cibiyar Pasteur ta Dakar tana haɗa allurar shawara tun shekarun 1930, ɗakin haɗa allura na Yaba a Legas ma ya yi aiki shekaru da dama kafin a rufe shi a 1991 da sunan gyara. Sai dai gini ba shi ne wahalar ba. Kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu ya samu lasisin sarrafa allurar korona da sunansa, aka yi ta murna, amma a 2022 ya fito ya ce ko oda ɗaya bai samu ba, har daga gwamnatocin Afirka da suka fi kowa kukan rashin masana'anta. Masana'antar allura ba ta rayuwa da jiran annoba. Sai an riƙa sayen allurar ƙyanda da ta sanƙarau daga wurinta kowace shekara, ko da ta ɗan fi ta Indiya tsada a farko. Asusun da Gavi, ƙawancen da ke saya wa ƙasashe matalauta allurar rigakafi, ya ƙaddamar a Paris a Yunin 2024, na sama da dala biliyan ɗaya, wannan giɓi yake son cikewa.

Akwai lokacin da gwamnatocin yankinmu suka yi ciniki da baki ɗaya, kuma ya yi kyau. Bayan annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka, aka tashi neman allurar da za ta daɗe tana kariya. Jami'an lafiya na ƙasashen Sahel suka faɗa tun kafin a fara aiki cewa in ta wuce rabin dala ba za su iya saye ba, kada ma a wahalar da kai. A kan wannan farashi aka gina aikin, manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ga babu riba suka janye. A Disamban 2010 aka fara yin allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Arewacin Najeriya ya biyo baya a 2011. Nau'in sanƙarau na A, wanda kowace bazara yake cika asibitocinmu da yara masu sandararren wuya, ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Kamfanin da ya karɓi aikin a wannan farashi shi ne Serum na Indiya, wanda gwamnatinsa ta hana shi fitar da allurar korona a 2021.